Ranar da Pak Ngah Ya Je Kiran Teku

Ranar da Pak Ngah Deraman ya yanke shawarar rabuwa da tawadar kamfani, bakinsa cike yake da shinkafar kwakwa. Sai da ya maimaita maganar sau biyu kafin matarsa Mak Ngah da Zaleha, ’yar ƙanensa, suka gane irin masifar da ta nufo gidan.

“Fitowa ta goma ba za ta zama kamar sauran ba,” in ji shi, yana nuna rufin ɗaki da ƙayar kifi. “Shafin ruwa da hannuna zan rubuta shi. Kwafi ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da tawadar sotong.”

Mak Ngah ta ajiye butar shayi. “Sotong ɗin da muke soyawa?”

“Shi fa. Allah ya halicci dabba a cikin teku, ya ba ta hannuwa goma da jakar tawada a ciki, ke kuma ba ki ga komai a jikinta ba sai miya. Wannan ai marubuci ne aka halitta.”

Shekara ashirin da bakwai Pak Ngah ya yi a Kuala Lumpur yana rubuta tallan sabulu da na taliya. Ya dawo Kuala Senyap da hawan jini da fararen riguna shida, ya kafa mujallar Sannu-Sannu don ya koya wa mutanen birni yadda ake rayuwa a hankali a bakin teku. Mutanen ƙauyen, da suka gaji zaman banza a gindin kwakwa tun kaka da kakanni, ba su taɓa sanin ilimi ba ne sai da suka ga hotonsu a takarda. Ma’aikatan mujallar uku ne. Shi ne babban edita, Mak Ngah ke da shafin girki, Zaleha kuma ke da duk abin da ya rage: ɗaukar hoto, tsara shafuka, gyaran rubutu, kai wa maɗaba’a, da shafin ruwa.

Shafin ruwa shi ne na ƙarshe, jadawalin lokacin da teku ke cikowa da lokacin da yake janyewa. Mutanen birni don hotuna suke sayen mujallar. Masunta kuwa shafin nan suke yagewa su liƙa a bango, sauran su naɗe kifi. Fitowa tara ba a taɓa kama Zaleha da kuskuren minti goma ba, har maza suka daina ɗaga kai su dubi wata.

“Pak Ngah,” Zaleha ta ce a hankali, “kwana casa’in ne fa a shafin. Sau ɗari biyu.”

“Ke, kin san da wa kike magana? Ni ne na rubuta tallan da ya sa rabin ƙasar nan ta canza man goge baki a mako guda. Lambobi ne za su gagare ni? Kakana da hanci yake gane lokacin ruwa. Jinin nan yana jikina.”

“Kakanka tela ne,” in ji Mak Ngah.

“Tela mai tagar da ke kallon teku!”

Da wata fitowar ce, da Zaleha ta yi shiru ta bar shi da shirmensa. Amma wannan fitowar ce ta jirgin Shukri.

Shekara uku Shukri yana haɗa jirgin nan a bakin kogi, katako bayan katako, da turakun itace a madadin ƙusa, kamar yadda tsofaffi suka koya masa. Mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Duk fitowa Zaleha kan kai masa kwafinsa da kanta, shi kuma ya duba cikin ɓarzar katakon da ke ƙasa, ya zaɓi wadda ta fi naɗewa da kyau, ya miƙa mata ta riƙa sa wa a littafi. Tana da tara. Ranar da ya ba ta ta tara ne ya dubi gefen jirgin ya ce masa, “Ranar da ka hau ruwa zan tura iyayena gidan Pak Ngah.” Ita ma ta dubi katakon ta ce masa, “To.”

Jirgin kuwa nauyi gare shi. Sai maza sittin sun tura shi a kan gumagumai, kuma sai ruwa ya yi cikar da ta fi kowace, wadda sau ɗaya tak za ta zo kafin iskar damina ta rufe bakin kogin: ranar Asabar, biyar saura kwata na yamma. Idan ta wuce, sai bayan wata huɗu. Pak Ngah ya riga ya naɗa kansa shugaban bikin, ya kuma buga a shafin farko cewa duk mai karatu ya zo ya sa hannu. Wajen lokaci ya rubuta: a duba shafin baya. Ga shi tun rasuwar mahaifin Zaleha shi ne waliyyinta. Daga ita har Shukri babu mai son ya ɓata masa rai a wannan watan.

Washegari aka sauke bokiti huɗu na sotong a tsakar gida. Pak Ngah ya naɗe hannun riga ya kama na farko, ya matsa. Jakar ta fashe masa a ƙirji. Ya canza riga ya kama na biyu, wannan ta same shi a gemu. Kafin azahar fararen riguna shida sun koma ɗaya, ita ma don Mak Ngah ta ɓoye ta ne a cikin buhun shinkafa. An samu tawada rabin kwano. An kuma samu naman sotong da ya isa gida goma, har ya zama maƙwabta na hango Mak Ngah da kwano a hannu suke sakaya ƙofa.

Kwafin farko ya ci masa wuni guda, kuma gaskiya ya yi kyau. Ya zaga da shi gida gida. A kwafi na huɗu wuyan hannunsa ya fara ciwo, sai Zaleha ta leƙa ta ga ya rubuta lokacin ranar farko, sannan ya gangaro layin yana sa “kamar jiya, kamar jiya.”

“Pak Ngah, ruwa ba ya zuwa kamar jiya.”

“Da zai natsu da ya zo.”

Ta sa shi ya gyara. Ya yi talatin a kwana biyar, ya shimfiɗa su a kan ragar shanya kifi don su bushe, ya shiga ya kishingiɗa. Ihun Mak Ngah ne ya tashe shi. Duk kyanwar da ke Kuala Senyap tana kan ragar nan, da na masallaci, da mai ido ɗaya ta shagon shayi, da wasu da ba a san su ba, da alama daga ƙauyen gaba suka zo. Kowace ta dafe kwafi guda tana lasa, idonta a lumshe. Watan Nuwamba ya tafi duka, Disamba saura gefe.

Pak Ngah ya ɗauki tsintsiya ya yi kansu. Yana can yana tsere da kyanwoyi, akuyar Tok Jusoh, tsohon masuncin da ke maƙwabtaka da su, ta shigo ta hau baranda ta cinye takardar asali da Zaleha ta ba shi yana kwafa, ta haɗa da alƙalamin gora.

Zaleha ta bugo wata ta ajiye a gabansa. Ya dube ta kamar ta zage shi.

“Sau talatin na rubuta shafin nan. Na haddace shi kamar sunana. Me zan yi da wannan?”

Ya ninke takardar ya tokare ƙafar teburin da ke rawa.

A makon ne Zaleha ta tafi kudu ɗaukar hoton masu dafa gishiri, kwana uku. Ta roƙi Mak Ngah kada ta bari kwafi ko ɗaya ya fita kafin ta dawo. Amma Mak Ngah ta je ta’aziyya, ta dawo ta tarar babban editan rayuwa a hankali ya gama kwafi ɗari biyu a kwana biyu, ya kai na mutanen birni gidan waya, ya raba na ƙauye da hannunsa.

Zaleha na sauka daga mota ta ji hayaniya a shagon shayi. Maza sun kai ashirin, kowa da mujalla a hannu yana kaɗa wa ɗan’uwansa, kyanwoyi na zagaye da ƙafafunsu.

“Bakwai na safe! Ga shi nan baƙi a kan fari!”

“Kai makaho ne? Tara da rabi aka sa.”

“Nawa biyun dare ya ce. Wa zai tura jirgi biyun dare, aljanu?”

“Ku dai kun ji daɗi,” in ji mai shagon. “A nawa ranar Asabar ruwa sau uku zai ciko, bai janye ba ko sau ɗaya. Na ce wa matata ta ɗaure kaya.”

Wani ya nuna nasa, yana da ranar talatin da ɗaya ga Nuwamba. Liman ya ɗaga nasa a hasken rana. Tururuwa sun bi tawadar sun cinye, sun bar ramuka masu siffar lambobi, yana karantawa ta cikinsu.

Pak Ngah na zaune a tsakiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya. “Ƙarfe sha ɗaya,” in ji shi. “Nawa kwafin shi ne uwa. Na riga na faɗa wa mutanen birni, mota guda za su ciko.”

Tok Jusoh ya kurɓi shayinsa. “Deraman, jiya na dubi wata. Bai ce sha ɗaya ba.”

“Tok, da girmanka, wata yana karanta mujalla?”

“A’a. Akuyata ce ke karantawa, ita ma tun ranar cikinta ke ƙugi.”

A gida Zaleha ta ce a bar ta ta liƙa gyara a ƙofar masallaci. Pak Ngah ya dafe ƙirji.

“Gyara? Sannu-Sannu ba ta taɓa janye magana ba. Kina so mutanen Kuala Lumpur su yi mini dariya? Ga saƙo nan wata mata ta turo a waya, ta ce tana buɗe mujallar ta ji warin teku har ta yi hawaye.”

“Kowa ma hawaye yake yi,” in ji Mak Ngah. “Mai kawo wasiƙu ya ce kyanwa sha huɗu suka raka babur ɗinsa har gada.”

Zaleha ta bi gida gida a ɓoye tana cewa biyar saura kwata ne. Ko’ina amsa ɗaya: “Amma ’yar nan, ga sunanki a ƙasan shafin. Yaushe kika taɓa kuskure?” Kowa ya rungume kwafinsa. Da ta gaji ta gangara bakin kogi. Shukri na shafa wa jirgin mai. Ta ɗauki nasa kwafin daga kan benci ta duba Asabar. A gidan lokaci Pak Ngah ya rubuta: in Allah ya yarda.

“Biyar saura kwata ne,” ta ce.

“Na sani.”

“Ka sani, ba ka gaya masa ba?”

“Na je.” Ya ci gaba da shafa mai a wuri ɗaya. “Ya ba ni shayi. Ya ce mini ɗana. Sai na ji bakina ya ce ai sha ɗaya ma lokaci ne mai kyau.”

Ta so ta yi fushi, dariya ta riga ta. Da dariyar ta wuce sai ta dubi gumaguman da aka jera har bakin ruwa, ta tuna maza sittin, ta ji wata huɗu sun zauna mata a ƙirji.

Ranar Asabar ’yan bakwai na safe suka fara zuwa, su goma sha ɗaya. Suka dubi laka, suka dubi mujalla, suka koma gida. ’Yan tara da rabi suka zo suka ci shinkafar biki suka tafi. Wasu masunta da kwafinsu ya ce su fita da asuba suka dawo a ƙafa, filafili a kafaɗa, suna zage-zage. Ƙananan jiragen ƙauyen duk sun kwanta a kan yashi can nesa kamar matattun kifaye.

Sha ɗaya daidai motar mutanen birni ta tsaya. Suka sauko cikin fararen kaya da manyan malafuna, kowa da mujallarsa a hammata, kyanwoyi suka tarbe su kamar dangi. Masu bandiri suka fara kiɗa. Pak Ngah ya fito cikin rigarsa ta ƙarshe da sabon zane mai ratsin zinariya, ya hau kan gungume, ya juya wa kogi baya, ya yi jawabi na rabin awa a kan yadda ɗan birni ke bautar agogo shi kuwa ɗan bakin teku ruwa ke yi masa biyayya. Sannan ya ware hannu ya juya.

“Ga shi nan!”

Babu ruwan da zai jiƙa ƙafar kaza. Laka ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ƙananan ƙaguwa na yawo a kanta. Can ƙarshen duniya wani siririn zare na ƙyalli, shi ne tekun.

Masu bandiri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

“Ya ɗan makara,” in ji Pak Ngah. “Wannan shi ne darasin farko.”

Aka jira. Rana ta take. Mazan da suka rage, ba su fi ashirin ba, suka fara zamewa. Zaleha na ganin bayansu, tana ƙirgawa a zuci.

“Deraman,” in ji Tok Jusoh daga inuwa, “ko ka nuna masa kwafinka? Wataƙila nasa daban ne.”

Aka kwashe da dariya, har da mutanen birni. Kunnuwan Pak Ngah suka yi ja.

“Kuna dariya? Kakana idan ruwa ya yi taurin kai, zuwa yake ya kira shi. Yau za ku ga gado.”

“Abang, kakanka tela ne!” Mak Ngah ta ƙwala masa, da lakabin da matan ƙauyen ke kiran miji.

Bai waiwayo ba. Ya cire takalmi, ya ɗaga mujalla sama, ya taka laka. Taku hamsin na farko kamar sarki. A na tamanin laka ta kai masa ƙwauri. A na ɗari ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta nutse, ya ɗaga ta hagu, ta dama ta bi ta. Ya tsaya cak, laka har cinya, kamar an dasa shi.

“Pak Ngah, lafiya?” Zaleha ta kira.

“Lafiya lau! Nan ne wurin kiran!” Ya juya wajen teku ya buɗe murya. “Kai ruwa! Ni ne Deraman jikan Wan Embong! Taho!”

Ruwa bai taho ba, amma ƙaguwa sun taho. Warin tawada ya kira su daga kowane rami. Suka kewaye shi, suka fara hawa zanen. Ya riƙa dukansu da mujalla, su kuwa ita suke so.

Wata mata daga birni ta cire takalmi. “Wankan laka ne na gargajiya? Ana biya ne, ko kowa zai iya shiga?”

“Na manyan editoci ne kawai, hajiya,” in ji Mak Ngah.

Aka jefa masa igiya, ta faɗi rabin hanya. Aka shimfiɗa katako, laka ta haɗiye shi. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. ’Yan bakwai na safe suka dawo a guje. ’Yan tara da rabi suka dawo da matansu. Mutumin biyun dare, da ya kwanta barcin rana don ya shirya, aka tashe shi ya zo da zanen barci. Mai shagon shayi ya turo tebur ya kafa, wata ta kunna wuta ta fara suyar keropok, wainar kifi mai ƙaras-ƙaras. Da aka kira azahar, kashi biyu aka yi sallar, don kada kowa ya rasa wurin zamansa.

Zaleha ta tsaya a kan gungume tana dubawa. Arba’in. Hamsin da biyar. Saba’in da ɗaya, ban da mutanen birni. Ta dubi agogo, ta sauko ta je wajen Tok Jusoh.

“Tok, lakar nan tana da zurfi?”

“Ƙasanta tsandauri ne. Ya kai iyaka, ba zai ƙara nutsewa ba.”

Sai ta raɗa wa Mak Ngah magana a kunne. Mak Ngah ta dubi jirgin, ta dubi taron, ta dubi mijinta. Wasu samari sun haɗo igiyoyi uku sun yi doguwa guda, za su jefa. Ta taka bakin igiyar.

“Ina za ku da gaggawa? Shekara uku mutumin nan yana koya mana a yi komai a hankali. Ku bar shi ya ji daɗin karatunsa.”

Aka ɗaura laima da gorar ruwa da ƙunshin shinkafa a bakin doguwar gora, aka tura masa a kan faifan katako. Ya buɗe laimar ya tsaya a ƙarƙashinta kamar naman kaza, yana ci yana korar ƙaguwa, lokaci lokaci ya juya ya yi wa teku tsawa.

“Ƙara murya, Deraman, ya ce bai ji ba!”

“Kira shi da sunan babansa!”

“Ce masa kamar jiya!”

Bayan la’asar zaren nan mai ƙyalli ya fara faɗi. Ruwa ya taho a shimfiɗe, ba hayaniya, yana cika ramukan ƙaguwa ɗaya bayan ɗaya. Pak Ngah ya jefar da laima ya ɗaga hannu biyu.

“Kun gani? Kun gani da idonku? Na kira shi ya amsa!”

Ruwan ya taɓa cinyarsa. Ya kai ƙugu. Ya kai cibiya.

“To ya isa haka,” in ji shi ga ruwan. “Na ce ya isa. Kai! Jama’a! Ku kawo jirgi! Ku yi sauri!”

Kamar an haɗa baki, duk bakin kogin ya amsa: “Sannu ba ta hana zuwa!”

Amma tuni Shukri ya cire tokaren. Ƙananan jirage suna can nesa inda jadawali ya yashe su, babu abin da zai kai ga Pak Ngah sai sabon jirgin. Tok Jusoh ya miƙe ya ba da murya, maza saba’in suka sa kafaɗa, mutanen birni suka zubar da malafuna suka shiga layi, masu bandiri suka ɗauka da ƙarfi. Jirgin ya yi ƙara, ya motsa, ya gangara a kan gumagumai. Shukri ya miƙo hannu daga sama, Zaleha ta kama ta hau ba tare da ta tsaya tunanin idon jama’a ba. Hancin jirgin ya taɓa ruwa, ya ɗan yi jim, sannan ta ji katakon ƙarƙashin ƙafarta ya yi sauƙi, yana lilo. Ta dubi agogo. Biyar saura kwata.

Da gora suka tuƙa shi zuwa wajen Pak Ngah. Ruwa ya kai masa hammata, ya ɗora mujallar a ka, ƙaguwa biyu na zaune a kanta. Shukri ya kwanta a gefen jirgi ya kama shi ta ƙarƙashin hannuwa.

“Ja, ɗana! Ja!”

Shukri bai ja ba. Ya dubi katakon da ke gabansa.

“Pak Ngah, dama iyayena ne suke so su zo gida. Maganar Zaleha.”

“Su zo! Su zo da danginsu kaf! Ja ni!”

“Wace rana?”

“Gobe! Gobe da ƙarfe…”

“Kada ku bari ya faɗi lokaci!” Muryar Mak Ngah ta ratso ruwa. Duk taron ya ɗauka: “Zaleha ta faɗa! Zaleha ta faɗa!”

Zaleha ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. “Goma na safe,” ta ce wa katakon.

Shukri ya ja. Laka ta yi wani irin sauti kamar an zare marfin tulu, Pak Ngah ya faɗo cikin jirgi. Zanen zinariya kuwa laka ta riƙe abinta, ya fito da gajeren wando mai hoton abarba. Ya kare gabansa da mujalla, ya miƙe a hancin jirgi yana ɗaga wa jama’a hannu.

“Duk shiri ne!” in ji shi. “In ba haka ba, da yaya zan tara muku maza saba’in?”

“Gaskiya ne,” in ji Tok Jusoh. “Shekara sittin ina kamun kifi, ban taɓa ganin tsutsar ƙugiya mai jawabi ba sai yau.”

Kyanwoyi na jere a bakin ruwa suna jiransa. Su suka raka shi har gida.

Kafin a ɗaure jirgin Shukri ya laluba aljihu ya fito da ɓarzar katako ta goma, ta ɗan jiƙe. Zaleha ta karɓa ta sa a cikin littafinta tare da sauran tara.

Iyayen Shukri sun zo goma na safe daidai. Ana gama addu’a Pak Ngah ya gyara murya ya ce katin bikin shi zai rubuta da hannunsa, ɗari biyar, kuma ya riga ya san tawadar da ta dace. Ya ɗauki bokiti ya nufi bakin kogi. Ya zaga tun daga gada har bakin teku, masunci bayan masunci, kowa ya zauna a kan kwandonsa ya rantse masa cewa bana sotong bai zo ba.